Jigon da ke Bayan Dangarmu

Daga Allah muke, kuma komai daɗewa wurinSa za mu koma. Uban mijina ya cika ranar wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar ɗibar tumatir, kuma kafin maza su dawo daga maƙabarta gidanmu ya cika maƙil da mata. An zo daga cikin Kura, an zo daga Bunkure, matan rugar da ke bayan babbar hanyar ruwa sun zo sun ajiye ƙoren nono a bakin madafi ba don sayarwa ba. Kowace ta shigo sai ta durƙusa gaban Inna, uwar mijina, ta ce, “Ya haƙuri? Allah Ya jiƙansa.” Daga nan sai ta ƙara da maganar da ta yi ta sukata a ƙirji har yamma: “Ai ya huta.”

Gwaggo, ƙanwarsa, ita ta fi kowa nanatawa. “Bawan Allah ya huta,” in ji ta. “Mutum ba ƙafa, amma kullum yana jan ruwa kamar ɗan ƙodago.” Tana faɗa tana share hawaye, kuma hawayen gaske ne, ban ce ƙarya take ba. Amma da ta ɗago muka haɗa ido sai ta gyara mayafi. Ta san abin da na sani. Hutu ne ya kusa kai shi kabari tun da daɗewa, mu kuma da hannunmu muka yi ta ba shi.

A waje maza wani zancen suke yi. Waɗanda suka yi masa sutura sun fito suna mamakin kafaɗunsa, wai ba su taɓa ganin tsoho mai furfura da damatsan ɗan dambe ba. Yara ƙanana kuwa abin da za su riƙe shi ne wani kaka da ake turawa a amalanke. Shi ya sa na ce bari in faɗi nawa tun ina tunawa. Sunansa dai ba za ku ji daga bakina ba. Ni matar ɗansa na fari ce, ko yaron maƙwabta da ya ci sunan sai dai in ce masa mai sunan Baba.

Da aka kawo ni gidan nan yana da ƙafafunsa, dogo ne, mai saurin tafiya, manomin lambu tun na gado. A bakin kogi yake da jigo, ya wuni yana jan guga yana ba albasa ruwa. Ba ya zama ya daɗe. Ko cikin hira ake, ko an gama cin tuwo, sai ka ji ya tafa cinya ya ce, “To, a tashi.” Yaran unguwa har kwaikwayonsa suke yi in ya ba da baya.

Tsakanina da shi kunya ce irin ta da. In zai shigo sai ya tsaya a soro ya yi gyaran murya, ya ba ni lokacin da zan faɗa ɗaki. Ban taɓa cin abinci yana gani ba, bai taɓa kallon fuskata ba. Amma lokacin da na yi cikin fari, na yi nauyi har jan guga ya gagare ni, kullum na fito da safe sai in tarar da randata a cike. Na ɗauka maigidana ne, na yi masa godiya, ya ce shi bai san zancen ba. Inna ce ta yi dariya ta ce in bar bincike.

Da maigidana ma haka yake, don ɗan fari ne. Ba ya kiran sunansa, ba ya yi masa magana kai tsaye. Ko suna zaune a tabarma ɗaya sai ya dubi bango ya ce, “A gaya wa wancan gobe akwai huɗa.” Wancan ɗin yana gefensa, ya ce to.

Bayan shekarar farin nan da shanu suka yi ta faɗuwa, aikin ruwa ya iso gonakinmu. Aka ce za a baje ƙasa a yanka ta a fitar da hanyoyin ruwa, itacen da ke ciki kuma duk za a ture. Baba yana da wata ɗorawa da ubansa ya bar masa. Ya ce kafin katafila ta zo gara ya sassare rassanta da kansa, ko itacen girki a samu. Reshen da ya taka ne ya karye. A kan ƙyauren ƙofa aka shigo da shi, idonsa biyu, yana tambayar waye ya ɗauke masa ƙafafu, alhali ga su nan a jikinsa.

An kira maɗori ya yi iya yinsa. Da aka ga ba sauyi aka kai shi asibiti a birni, ya yi watanni, aka sallamo shi. Daga cibiya zuwa ƙasa ba ya jin komai, ko da wuta aka taɓa shi.

Sai muka yi masa abin da ake yi wa babba in ya kwanta. Aka gyara gado, aka hana shi ɗaukar ko moɗa. In ya miƙa hannu zai jawo buta, mutum uku sun riga shi. ’Yan dubiya kuwa ba mai zuwa hannu sake: wannan rake, wancan mazarƙwaila, wata ta damo fura ta zuba mata sukari har cokali ya tsaya. Gwaggo daga gidan aurenta take aiko da zuma. Duk ƙauna ce, wallahi, ba mugunta. Ciki ya yi ta girma, ƙafafu suka koma kamar karan dawa, ƙishirwa ba dare ba rana. Wani ciwo ya buɗe a kwankwasonsa ya zama gyambo, har in na wuce ta ƙofar ɗakin sai na riƙe numfashi. “To, a tashi” kuma muka daina ji.

Malamin asibiti na Kura ne yake zuwa a keke yana wanke gyambon. Wata rana ya fito wanke hannu a bayan ɗaki, inda Inna ke zubar da kaskon fitsari, sai ya tsaya yana kallon ƙasa. Ina daga madafi ina jin su.

“Inna, tun yaushe kiyashi ke taruwa a nan?”

Ta ce ita ba ta lura ba. Idonta dama ya fara yana. Washegari ya dawo da ’yar kwalba siririya da wani ruwa shuɗi, ya ɗiga fitsarin a ciki, ya kara a wutar fitila. Muna kallo ruwan ya tashi daga shuɗi ya koma ja kamar jan bulo. Ya ce a mai da Baba birni a ɗebi jininsa, kuma kada a kwana biyu.

Ƙanin mijina ne ya raka shi, shi ya zo ya zayyana mana a tsakar gida. Wai likita ya ce duk abin da mutum ya ci, tuwo ne ko fura, sukari yake zama a cikin jini, kuma naman jiki ne ke shanye shi in yana aiki. Naman da ya fi yawa a cinyoyi yake, na Baba kuwa sun kwanta sun daina ci. Shi ne sukarin ke ta yawo a jini, ga maiƙo ya taru, ciwo ya ƙi warkewa, ragowar kuma ya bi fitsari ya fita, kiyashi su samu. Ya ce har ƙashin da ya daina ɗaukar nauyi yana zubar da allinsa cikin jini, in ba a shan ruwa da yawa sai ya taru ya zama tsakuwa a ƙoda. Ƙafa dai ba za ta dawo ba, kada wani ya yaudare mu. Amma hannuwa da kafaɗu da ƙirji suna nan da ransu, su za a sa su ci rabon cinyoyin. Ya ba da ƙwayoyi, ya hana zaƙi, ya ce a riƙa juya shi, sannan a ɗinka masa ’yan buhunan yashi ya riƙa ɗagawa har ya yi gumi.

An ɗinka buhunan. Baba ya dube su ya ce wa bango, “Ni ba taɓaɓɓe ba ne da zan yi ta ɗaga yashi ina saukewa. In aiki ne a ba ni aiki.”

A bayan dangarmu akwai wani ɗan fili a kan tudu wanda ruwan gwamnati ba ya hawa. Tun da aka saki ruwa a manyan hanyoyin kuwa, ƙasa ta jiƙu, in ka haƙa kaɗan sai ka tarar da shi. Nan Baba ya sa aka haƙa gajeriyar rijiya, aka kafa gwafanni biyu, aka gicciya itace, aka ɗora doguwar sanda, gaba guga, baya curin laka. Jigo ke nan, irin wanda kowa ya watsar tun da ruwa ya fara zuwa da ƙafarsa. Aka yanke wani tsohon turmi aka cika shi da auduga ya zama kujera, aka kafa turke a bayansa. Da safe ƙanin mijina ya tura shi a amalanke, ya zaunar da shi, ya ɗaure shi a ƙirji da tsohon rawani a jikin turken don kada ya kife.

Ranar farko guga kaɗan ya ja ya ce duniya tana juya masa. Amma ya koma. A hankali kukan jigon ya zama agogona, ƙiiƙ in ya ja, ƙurum in guga ya taɓa ruwa. Ta wata ’yar kafa a jikin danga nake leƙensa. Gumi yakan wanke masa fuska da ƙirji, ya tsaya cak a inda jinsa ya tsaya, ƙasa kuwa a bushe. Kafin alkama ta nuna, ciki ya saɓe, gyambo ya fara haɗewa daga gefe. Ruwan malamin asibiti ya daina yin ja, ya koma kore, daga baya ya tsaya a shuɗinsa. Da aka sake ɗibar jini a birni aka ce sukarin ya sauka sosai har aka rage masa ƙwaya. Ni ce mai sharar bayan ɗaki, ni na fara ganin kiyashi sun watse. Wata safiya kuma na ji daga ɗakinsa, “To, a tashi.” Na zauna a bakin murhu na yi kuka, na ce hayaƙi ne.

Amma gari bai bar mu ba. Hanyar zuwa gonakin alkama ta nan ta bi, kowa yana gani. Wasu dariya suke, wai ruwa na gudu a banza tsoho ya koma jigo. Wasu kuma abin da suke faɗa ya fi ciwo: ’ya’ya maza biyu a gida, sun ɗaure ubansu gurgu a turke kamar akuya yana yi musu noman rani. Maigidana mutum ne mai gudun abin faɗa. Yakan dawo daga masallaci fuska a murtuke, ya ture tuwo. Gwaggo kuma duk zuwanta sai ta zuga shi. “Kai ne babba. A gidan wa aka taɓa yin haka? In ya mutu a turken nan da wane ido za ka dubi mutane?”

Sai ga tsautsayi. Cikin bazara, rana ta take, rawanin ya ruɓe da gumi ya tsinke. Jiri ya ɗebi Baba ya kife, ƙaurinsa ya daki bakin rijiya ya tsage. Masu wucewa suka same shi kwance, jini na zuba, shi kuwa bai ma san ya ji ciwo ba, tambaya yake ko gugan ya faɗa ciki. Da kaɗan ya ƙara gaba da ka zai shiga rijiyar.

Maigidana ya ɗauki gatari ya fita bayan danga. Ina jin saran jigon har cikin haƙorana. Da ya dawo ya tsaya a tsakar gida ya rantse da Allah cewa muddin yana numfashi ba mai sake ɗaure ubansa a jikin itace. Na ga tsoro a idonsa, ba kunyar mutane kaɗai ba, kuma ban ga laifinsa ba a ranar. Baba yana ɗaki yana ji. Bai aika a gaya wa wancan komai ba. Ya sa aka juya shi ya fuskanci bango.

Aka koma gidan jiya. Gado, moɗa a baki, ’yan dubiya da rake. Malamin asibitin an yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi bai san hanyar gidanmu ba. Ciwon ƙaurin ya ƙi rufewa, tsohon gyambon ya sake buɗe baki. Randar ɗakinsa sai a cika ta da safe, kafin azahar ta yi rabi. Wata safiya ina shara a bayan ɗaki na ga layin kiyashi, siriri, daga gindin danga zuwa inda Inna ke zubar da kasko. Kwana kaɗan wurin ya yi baƙi.

To, da wane baki matar ɗa za ta yi zancen fitsarin surukinta? Na gwada Inna, na ce ta duba ƙasa. Ta sunkuya ta ce ita ba ta ganin komai, kuma rantsuwa ta riga ta shiga, me za ta yi. Na gwada maigidana, na kewaya na kewaya na ce kiyashi sun dawo. Ya ce damina ta kusa, kiyashi ko’ina akwai su, kuma kada in ƙara sa baki a abin da ya fi ƙarfina. Na san ya gane. Tsoron ya gane ɗin yake yi. Ni kuwa kullum in na ɗauki tsintsiya sai in tuna mutum na narkewa a bayan bango ɗaya da ni, kowa kuma yana ganin kyautata masa ake yi.

Ranar da abin ya ƙare mini wata Juma’a ce bayan an sauko. Gwaggo ta zo da kwalbar zuma da wani garin magani, ta ce a dama masa safe da yamma ya samu ƙarfi. Suna zaune a ƙofar ɗakin Baba, ita da Inna da maigidana da ƙaninsa. Na ji Baba ya nemi ruwa da wata murya da ban san shi da ita ba, harshe ya yi nauyi, ya kira Inna da sunan yayarsa da ta daɗe da rasuwa. Gwaggo ta ce a kawo cokali.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na zagaya bayan ɗaki, na ɗauko kaskon da Inna ta kife, kiyashi sun lulluɓe shi har suna hawa hannuna. Na ratsa tsakar gida da shi, ba mayafi, na dire shi a tsakiyarsu kusa da kwalbar zumar.

Gwaggo ta ja da baya tana salati. “Ke, kanki ɗaya kuwa? Kaskon surukin naki?”

Maigidana ya miƙe. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. A hankali ya ce, “Ɗauke ki bar nan.” Na san in na ƙi, ƙila a gidan ubana zan kwana. Amma ban ɗauke ba. Na wuce shi na durƙusa a bakin ƙofar, na ɗaga labule, na dubi Baba ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni.

Na ce, “Baba, sun dawo. Sun fi na da yawa. Ni nake shara, ni nake gani.”

Gwaggo ta fara cewa a mai da marar kunya gidansu, Inna ta dafa mata gwiwa. Baba ya daɗe yana kallona kamar yana laluben ko wace ce. Sannan ya sa gwiwar hannu ya ɗago kansa da ƙyar. Bai dubi bango ba. Ɗansa na fari ya duba.

“Kai,” ya ce.

Maigidana ya durƙushe a inda yake. Tun da aka haife shi uban bai taɓa ce masa kai ba.

“Ɗauri biyu ne, ka zaɓar mini ɗaya. Ko ka ɗaure ni a turke in yi gumi, ko ka ɗaure ni a likkafani mutane su yaba maka. Ni dai na san wanda nake so.”

Kiyashi suka fara barin kaskon suna hawa kwalbar zumar Gwaggo, duk muna kallo. Maigidana ya ce, “Na riga na rantse.” Inna ta ce, “Rantsuwa tana da kaffara.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan a duk rigimar.

Washegari shi da kansa ya nemo mota ya kai Baba birni. Aka ɗebi jini, aka riƙe su kwanaki, aka ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani zancen. Da suka dawo ya yi azumin kaffara, ya saro sababbin gwafanni, ya je wurin dukawa aka yi ɗamarar fata mai faɗi da ba ta tsinkewa, ya kewaye bakin rijiyar da itace. Aka ajiye doka: da safe kawai, kafin rana ta yi zafi, ga tulun ruwan sha a gefe, kuma sai an duba ƙafafunsa kafin a mai da shi ɗaki. Ni kuwa ya yi mako bai yi mini magana ba, daga baya ya wuce kamar ba a yi ba. Gwaggo ta fi shekara ba ta amsa gaisuwata. Amma abu ɗaya: maigidana ya kafa jigon, bai taɓa kama igiyarsa ba, bai kuma taɓa tsayawa ya ga uban a ɗaure ba. In zai je gona sai ya zagaya ta gaban gida.

Baba ya ƙara shekaru masu albarka a kan turmin nan. Jini ya daidaita, ciwukan suka rufe, har filin tudun ya zama abin kallo, fangali bayan fangali na albasa da tumatir. Masu dariya suka koma zuwa roƙon iri. Tsakanina da shi kunya ta koma inda take, bai ƙara kallon fuskata ba, ban ƙara ɗaga labulensa ba. Sai dai kullum in an turo amalanke ta ƙofar ɗakina, sai ya tambayi iska, “Ƙasa lafiya?” Ni kuma daga bayan labule in ce, “Lafiya lau, Baba.” Tumatirin fari na kowace shekara a ƙofata ake ajiyewa, ba a cewa daga wa.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, irin wanda ke tasowa daga mafitsara, wanda likita ya ce shi ne abin tsoro ga masu irin lalurarsa. Bai yi doguwar jinya ba. Ko a makon da ya kwanta ya ba albasa ruwa.

Da ya cika aka nemi ruwan wanka, randunan gida duk an ƙarar. Ƙanin mijina ya ɗauki bokiti, maigidana ya karɓe daga hannunsa ya fita bayan danga. Na bi ta kafar nan tawa na leƙa. Ya kama igiyar jigon da hannu ɗaya ya ja, sandar ba ta ko rusuna ba. Ya sa hannu biyu. Sai da ya tattara ƙarfinsa, ƙato mai ƙafafu biyu a tsaye, kafin guga ya taɓa ruwa. Ya juya ya dubi curin lakar da ke baya. Curin ya ninka yadda ya kafa shi. Ashe duk shekarun nan, in hannu ya saba da nauyin, sai Baba ya sa a ƙara masa laka, sabuwa a kan tsohuwa, ga shatin yatsu nan a jiki. Maigidana ya shafa curin. Sannan ya zauna a kan turmin uban, ya jingina da turken, ya ja ruwan wankan gawa daga zaune, guga bayan guga, kafaɗunsa na girgiza. Duk matan da ke tsakar gida sun ji kukan jigon.

Masu cewa ya huta, yanzu kam na yarda, ku faɗa. Allah Ya sa hutun na rahama ne, Ya yalwata masa kabari, Ya tashe shi a kan ƙafafunsa, Ya ba mu kyakkyawan ƙarshe in tamu ta zo.

Washegarin jana’iza na ɗauki tsintsiya na zagaya bayan ɗakinsa kamar kullum. Na sunkuya na duba, ƙasa fes, kiyashi ko ɗaya babu. Na daɗe a tsaye da amsata a baki, ba wanda ya tambaya.